Labarin zane yana girma tare da mai zana shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tanka wa masu karanta labaran zane da ke yawan ƙorafin cewa labarin da suka taso da shi ya daina zama kamar da. Sun yi gaskiya, sai dai ba kullum lalacewa ba ce. Labarin da ya shekara talatin ko hamsin yana fitowa tilas ne ya sauya, kuma ana iya nuna ta inda sauyin yake shigowa.

Hannu ne farkon abin da ke sauyawa. Shafi ɗaya sai ya bi matakai: a tsara labari, a zana da fensir, a bi da tawada, a rubuta maganganu, sannan a sa launi. Wanda ya zana fuska ɗaya sau dubbai ba ya sanin lokacin da yake rage layuka. Kai ya ƙara zama kewayayye, hanci ya gajarce, ninkin riga ya ɓace. A duba Peanuts na Charles Schulz, wanda ya fara fitowa a jaridun Amurka ranar 2 ga Oktoba 1950. A farko karen nan Snoopy da ƙafa huɗu yake tafiya kamar kowane kare, daga baya ya miƙe a kan biyu. A shekarun 1980 hannun Schulz ya fara rawa, kuma bai yarda wani ya riƙe masa alƙalami ba. Duk wanda ya ɗora zanen 1960 kusa da na 1995 zai ga layin gefen fuskar Charlie Brown, yaron da ke jagorantar labarin, yana karkarwa a na baya-bayan. A haka ya yi zane 17,897, na ƙarshe ya fito ranar 13 ga Fabrairu 2000, washegarin rasuwarsa.

Takarda ma tana da nata hukunci. Ana yin zane babba ne a rage shi wajen bugawa, to idan jarida ta matse fili, siraran layuka su narke, dole a ƙara girman haruffa, magana ta ragu. A 1942 ƙarancin takarda lokacin yaƙi ya sa kamfanin ɗab'i na Casterman ya ƙayyade wa littattafan labarin zane na Tintin shafi 62 masu launi, alhali na baya baƙi da fari sun haura shafi 100. Dole aka sake tsara tsofaffin.

Amma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne sauyin tunanin mai zanen, kuma Hergé na Beljiyam, mai zana Tintin, ne misali mafi fitowa fili. Labarin Tintin na Kwango da ya yi a 1930 zuwa 1931 cike yake da raini irin na 'yan mulkin mallaka, don bai san 'yan Afirka ba sai ta bakin masu mulkinsu. A 1934 ya haɗu da wani ɗalibi ɗan Sin, Zhang Chongren, wanda ya nuna masa yadda mutanen ƙasarsa suke a zahiri, har ya rubuta masa rubutun Sinanci da ke jikin bango da alluna a labarin Tintin da ya biyo bayan haɗuwarsu. Tun daga nan Hergé ya koma mai bincike kafin ya ɗauki fensir. Da ya sake zana na Kwango a 1946, akwai wurin da Tintin yake koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, ya mayar da shi darasin lissafi. Gyaran bai wanke littafin ba, amma ya nuna mutumin ya motsa daga inda yake.

Idan mai labari ya rasu, nan ake gane wane ne ginshiƙi. René Goscinny, marubucin labarin zane na Asterix, ya rasu a 1977, mai zanen, Albert Uderzo, ya ci gaba shi kaɗai. Zanen bai gaza ba, amma masu sharhi da yawa sun ce wasan kalmomin ya yi rauni. Sai a 2013 littafin farko na magadansa, Jean-Yves Ferri da Didier Conrad, ya fito. Hergé kuwa bai so wani ya ci gaba da Tintin ba, shi ya sa bayan rasuwarsa a 1983 aka buga littafin ƙarshe a 1986 yadda ya bar shi, bai kammalu ba.

Magaji yana tuntuɓe ne idan ya riƙa kwaikwayon shafin makon jiya maimakon takardar siffa, wato wadda aka zana kowane ɗan wasa ta gaba da gefe da baya, aka auna tsawonsa da girman kansa. Kuskure kaɗan ya hau kan kuskure, cikin 'yan shekaru fuska ta zama ta wani. Mafi muni shi ne ya kama siffar amma ya kasa kama yadda ɗan wasan yake magana.

Don haka roƙona, duk sa'ad da za ku yi sharhi a kan irin waɗannan labarai ko ku sake buga wani shafi, ku sa shekarar da aka zana shi, ku faɗi wanda ya rubuta da wanda ya zana, ku kuma bayyana ko na asali ne ko wanda aka yi wa kwaskwarima.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku