Tsakuwar matsarmama: ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan ciwon da ya kusa raba mu da yayata a bara, wato tsakuwar matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya.

Shekara uku cur tana shan maganin olsa. Duk ranar da ta ci abu mai maiƙo, musamman da dare, sai ciwo ya turnuƙe ta a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ya ratsa zuwa baya da kafaɗa, ya yi awa biyu ko uku tare da amai, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. Mai kemis ya ce olsa ce, maƙwabta suka ce olsa ce, mu ma muka yarda, domin a nan Sakkwato duk ciwon da ya taɓa saman ciki sunansa olsa. Sai bayan Babbar Sallah, da aka kwana uku ana cin soyayyen nama, idanunta suka yi ɗorawa, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi, zazzaɓi da rawar ɗari suka rufe ta. Nan ma aka ce shawara ce, aka kawo jiƙon saiwar rawaya. Da jiki ya ƙi muka kai ta asibiti, kuma hoton sikanin da bai ɗauki minti ashirin ba ya nuna tsakuwoyi cike da matsarmamarta, ɗaya har ta gangara ta toshe hanyar da ruwan matsarmama ke bi zuwa hanji.

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda mahauta ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Haka take a jikin mutum. Hanta ce ke yin ruwan, fiye da rabin lita a kowace rana, matsarmama kuma ta adana shi ta kaurara shi, idan mai ya sauka cikin hanji sai ta matse ta fesa shi domin a narkar da man. Idan kitsen jini da ake kira kolestarol ya yi yawa a cikin ruwan, ko kuma jakar ta daɗe ba ta juye abin da ke cikinta ba, sai ya fara daskarewa, daga tsaki-tsaki har ya kai girman gyaɗa ko ƙwan zabo. Abin ya fi samun mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu ƙiba, da masu ciwon suga, da waɗanda suka haura shekara 40. Akwai kuma wani nau'i, baƙar tsakuwa, da ke samun masu sikila tun suna yara saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu, kuma tun da Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, bai kamata iyaye su riƙa ɗaukar kowane ciwon cikin yaro a matsayin tashin sikila ba. Mafi yawan masu tsakuwar, kusan 8 cikin 10, ba za su taɓa jin komai ba, kuma irin waɗannan likitoci kan ƙyale su.

Abin da ya fi tunzura ni in ɗauki alƙalami shi ne haɗin da ke yawo a WhatsApp, wanda aka turo mana sau uku yayata na kwance: a sha kofi guda na man zaitun da ruwan lemon tsami da dare, da safe a ga tsakuwoyi kore suna fita a bayan gida. Zaitun itaciya ce mai albarka da Alƙur'ani ya ambata, kuma man zaitun a cikin abinci ya fi man shanu da kitse alheri ga jiki, wannan ba na jayayya a kansa. Amma ƙwallayen da ke fita ba tsakuwa ba ne. A shekarar 2005 wasu masana a ƙasar Niyu Zilan sun auna irin waɗannan ƙwallaye da wata mata ta kawo, suka tarar man da ta sha ne ya haɗu da ruwan ciki ya dunƙule kamar sabulu, ainihin tsakuwoyinta kuwa suna nan sai da aka yi mata aiki. Haɗarin ma ya wuce asarar kuɗi, domin mai mai yawa lokaci guda yana sa jakar ta matse da ƙarfi, abin da kan iya tura tsakuwa cikin hanya ta maƙale. Haka nan masu tallar jiƙo da lasifika a kasuwa, da ke ɗaga kwalba suna nuna lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya kamata jama'a su sani cewa lambar da ake fara ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba lafiyar shan sa, ba ta cewa yana narkar da dutse ba. Ko ƙwayar asibiti da ke iya narkar da ƙananan tsakuwoyin kolestarol sai an sha ta watanni ko shekaru, kuma sau da yawa sukan dawo.

Inda abinci ke da ƙarfi shi ne rigakafi, kuma a nan ba mu da buƙatar komai daga waje. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su ƙal ba, da wake, da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuka da kuɓewa, da gyaɗa daidai gwargwado, duk suna taimaka wa jiki ya fitar da kolestarol. Abin da ya canza a gidajenmu shi ne farar shinkafa da taliya da burodi safe da yamma, da lemon kwalba, da suga cokali huɗu a shayi, da man da ake soya masa da ƙosai da shi har ya yi baƙi, ga zama wuri ɗaya, ko masallacin unguwa sai a kan babur. Ba cewa nake a daina cin mai gaba ɗaya ba, domin matsarmama na buƙatar ɗan maiƙo kafin ta juye. Saboda haka ne ma tsallake abinci da ramewar gaggawa ke haifar da tsakuwa, kuma ina jan kunnen 'ya'yanmu mata da ke shan shayin rage tumbi suna kwana da yunwa: rage fiye da kilo ɗaya da rabi a mako haɗari ne ga wannan jaka. A watan azumi kuma kada a raina sahur, kada a buɗe baki da tulin soye-soye.

Yayata ta ƙi aiki da farko, tana cewa yaya mutum zai rayu an cire masa wani abu da Allah ya halitta. Likita ya bayyana mata cewa hanta za ta ci gaba da yin ruwan, ya riƙa zuba kai tsaye cikin hanji, kuma tun 1882 aka fara wannan aiki a birnin Balin na Jamus, yanzu har akan yi shi ta ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. An cire, ta warke, alhamdulillahi, yau tana shan furarta da nono.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka gayyato likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Asibitin Ƙwararru su yi wa masu karatu bayani da Hausa, kuma ku riƙa tantance tallan magani kafin ku buga. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta sa na'urar sikanin da wanda ya iya aiki da ita a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin matar da ke Isa ko Sabon Birni ba za ta iya zuwa birni saboda hoton minti ashirin ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato.