Kafin a sayi keken tsere mai yanka iska na araha

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu shirin sayen irin wannan keke. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na turjiyar iska daga jikin mahayi take, don haka keken da ya dace da tsawonka ya fi siffar firam, wato gangar jikin keken, muhimmanci.

A tabbata keken yana ɗaukar taya mai faɗin milimita 28. A duba tiyon da ke kai mai ga birki: in ya bi ta cikin wuyan keke, canza boris ɗin wuya kan tilasta kwance birkin a sake zuba mai. Sandar sirdi kuwa galibi ta kamfanin da ya ƙera keken ce kaɗai ke shiga. In ta tsage, samun wata wahala ne.

Naku,
Mai karanta jaridarku