Wasiƙar Zango Na Biyu Zuwa Ga Iyaye: Batun Gem Da Wayoyin Dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da masu riƙon yara, muna gaishe ku, da fatan an shiga zafi lafiya. Wasiƙar wannan karo ta fi ta kullum tsawo, kuma kusan dukkanta a kan magana ɗaya ce, wadda na taɓo a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce. Ranar an yi ta gyaɗa kai, aka tashi, kowa ya koma gida ya ci gaba da abin da ya saba. Maganar gem ce, wato wasannin da ake yi a waya da talabijin.

Ƙorafin malaman aji iri ɗaya ne tun daga JSS 2 har SS 3. Yaro zai shigo da jajayen idanu, kafin a gama darasin farko ya kifa kai a benci. Wasu kuma in an fita tara sai gobe. Mataimakina mai kula da ladabtarwa, Allah Ya saka masa da alheri, bai tsaya rubuta rahoto ba, ya hau babur ya bi sawu. Ya iske su a wani ɗan shago da ke bayan layinmu: labule a ƙofa, janareto na ruri, talabijin uku jere a bango, kowace da na'urar wasa ta PS4 a ƙarƙashinta, yaranmu cikin yunifom ɗinmu sun cika benci suna ihun an ci ƙwallo. Dokar wurin ita ce wanda aka ci shi ke biya. Can kuɗin tara ke ƙarewa, yaro ya dawo gida da yunwa ana cewa makaranta ta wahalar da shi. Mai shagon ya ce, "Malam, ni ban kira kowa ba." Mun dai zauna da shi gaban mai unguwa, ya yi alkawarin ba zai ƙara karɓar mai yunifom a lokacin karatu ba. Muna sa ido.

To amma gidan gem shi ne ƙaramin alhaki. Yana da ƙofa, yana da lokacin rufewa, kuma ana iya zuwa a kamo yaro da hannu. Abin da ya fi damuna yana cikin gidajenku, ƙarƙashin matashin kai, kuma ku kuka saya da kuɗinku.

Wasan da ya fi kama yaranmu a waya shi ne Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017. Akwai PUBG da Call of Duty, akwai na ƙwallo irin su eFootball da Dream League, amma Free Fire ya fi yawa saboda ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Ya kamata ku san yadda yake. Ana zuba mutum 50 a tsibiri ɗaya ta intanet, a yi ta harbe-harbe har a bar gwani, cikin kamar minti 10. Yawanci ana shiga ne huɗu-huɗu, ana magana da murya kai tsaye. Ba a dakatar da wasan a dawo, don sauran mutanen da ke ciki ba za su jira kowa ba, kuma wanda ya fita a tsakiya ya bar abokansa a hannun abokan gaba, matsayinsa ya yi ƙasa. Shi ya sa za ki kira ɗanki salla ko aike ya ce "ina zuwa" har sau biyar. An gama wannan, abokai sun ce a ƙara ɗaya, sai ga ƙarfe biyun dare.

Su wane ne abokan? Wasu 'yan ajinsu ne. Wasu kuwa ƙarti ne da ba ku sani ba, shi ma bai taɓa ganinsu ba. Daga cikin wasan ake komawa guruf na WhatsApp, inda ake cinikin akawun ɗin wasan, ake shirya gasa da zubin kuɗi wanda ya ci ya kwashe, abin da ba shi da wani suna sai caca. Nan ne kuma ake tallan "dayamon kyauta". Dayamon shi ne kuɗin cikin wasan, da shi ake sayen kaya da ado, kuma da naira ta gaske ake sayensa. Wata uwa ta zo ofishina tana kuka. An ce wa ɗanta ya turo lambobin katin banki da lambar da za ta shigo ta saƙo, za a cika masa dayamon. Wayarta ce a hannunsa, katin yana cikin jakarta, ya tura. Kuɗin adashenta ne suka tafi. Da na tambaye ta me ya sa wayar ke kwana wurinsa, sai ta ce, "Malam, ai karatu shi ka yi da ita." Ba na faɗi wannan don tozarta ta ba, da izininta na kawo, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Ita ce dai ta yi ƙarfin halin zuwa.

Masu cewa Shugaba ya cika tsanani, su sani tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukanta. Alamomin da ta ba da su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamurransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a ɗauki kamar shekara ana haka. Ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin wayoyin nan, ta kafa doka a 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya zai yi wasan intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Mu nan Birnin Kebbi mun miƙa wa ɗan shekara 12 waya da data, mun ja ƙofa mun kwanta.

Kada kuma a juya maganata a ce na hana yara taɓa na'ura. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma abin takaici, yaron da ke iya sarrafa gem da yatsu huɗu sai ka zaunar da shi gaban kwamfuta ya rasa yadda zai riƙe linzami. Malamin kwamfutarmu ya cancanci yabo na musamman a nan. Shi kaɗai ya kwance tsofaffin kwamfutocin da muka fid da rai da su, ya share ƙura, ya haɗa kayan wannan da na waccan, yanzu yawancinsu suna aiki, kuma ko sisi bai nema ba. Da ma wasu malaman da ke rige-rigen fita kafin a kaɗa ƙararrawa za su yi koyi. 'Yan SS 3 za su riƙa atisayen JAMB a ɗakin kwamfuta Talata da Alhamis bayan tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kar a riƙe mana yaro a shago ko a gona a waɗannan ranakun.

Shi malamin zai zauna ranar Asabar mai zuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar domin ku. Ku zo da wayar da yaro ke amfani da ita, ku zo da kanku, kar a aiko yaron. Zai sa muku Family Link na Google, wanda ke ba uba ko uwa damar ƙayyade awannin amfani da waya, da rufe ta in dare ya yi, da hana sauke sabon wasa sai da izini. Masu iPhone akwai Screen Time, mai yin irin wannan aikin. Zai kuma cire katin banki daga Play Store, ya duba shekarun da aka rubuta, don Google ba ya barin wanda bai kai 13 ba ya buɗe akawun shi kaɗai, yaranmu kuwa da yawa sun rubuta an haife su kafin auren iyayensu. Kyauta ne. Wanda bai zo ba, kar ya zo mini da kuka daga baya.

A gida, roƙona shi ne a karɓe waya bayan isha'i, ta kwana ɗakin iyaye. Lambar da banki ya turo ba a karanta wa kowa. A makaranta kuwa doka tana nan: wayar da aka kama sai ƙarshen zango, kuma uba ne zai zo karɓa. Wanda aka sake gani a gidan gem da yunifom zai tafi gida mako guda.

Sauran batutuwa a taƙaice. Jarabawar zango za ta fara bayan mako uku, jadawali yana hannun malaman aji. Waɗanda ba su cika kuɗin makaranta ba sun san kansu. A riƙa ba yara gorar ruwa saboda zafi, kuma duk yaron da ya yi zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti nan take, lokacin sanƙarau ne. Muna taya malamar Islamiyya murna, ɗalibanta mata sun fitar da mu kunya a musabaƙar da aka yi tsakanin makarantun unguwa. Masu ajiye babura a bakin ƙofa suna tare hanya, maigadi ya gaji da magana.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyi.

Wassalam,
Shugaban Makaranta