Sabon oga, a jerin sunayen masu tafiya za a gane ka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana da waɗanda ake ɗora wa shugabancin sassa a ma'aikatun gwamnatin tarayya a nan Abuja. Tun da aka fara aiki da ƙa'idar da ta iyakance wa darakta shekara 8 a kan kujera a 2023, ga kuma ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kujeru sai juyawa suke yi. Mutum ya kwana mataimaki ya tashi shugaba, ko a ɗauko shi daga wata ma'aikata a ajiye shi inda bai san ko masinja ba. Za a yi ta zuba masa "ranka ya daɗe", amma wannan gaisuwar kujera ce. Yarda sai an gwada shi tukuna.

Baƙo makahon gari ne, don haka kada ya taɓa komai a makonnin farko. Ya karanta takardar miƙa aiki layi-layi, kada ya sa hannu sai an ƙirga kayan ofis a gabansa: motoci, kwamfutoci, makullai, da ragowar kuɗin ƙananan hidimomi. Daga nan ya leƙa rajista, inda ake ajiye fayiloli, ya tambayi fayilolin da suka fi daɗewa ba su motsa ba. A nan zai tarar da abin da ke cin ran mutanensa: alawus ɗin da ba a biya ba tun bara, takardar ƙarin girma da ta maƙale a aljihun tebur.

Ya kuma kula da masu rige-rigen shigowa ofishinsa su rufe ƙofa su ce "Yallaɓai, bari in faɗa maka halin wane." Mai aiki tuƙuru ba kasafai yake da lokacin wannan ba. Maganinsu sauƙi ne: ya gana da kowa shi kaɗai, minti 15 zuwa 20, har da direba da mai shara, tambaya iri ɗaya ga kowa: mene ne aikinka, me ke hana shi tafiya, me ka daɗe kana nema ba ka samu ba? Ya rubuta amsoshin. Wanda ya kawo sukar abokin aikinsa, a ce masa ya sa a takarda ko a kira wancan a zauna. Yawanci a nan maganar take mutuwa.

Amma babbar jarrabawar ita ce jerin sunayen farko da zai sa wa hannu na tafiya aiki ko kwas. A ƙa'idar da aka fitar a 2022, ma'aikaci mai matakin albashi na 07 zuwa 10 yana karɓar naira 17,500 a kowane dare idan ya fita aiki wajen gari. Dare huɗu ke nan naira 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Wanda ke biyan haya a Kubwa ko Mararaba ba ya ɗaukar wannan kuɗi wasa. Da jerin ya fito, kafin azahar an gama nazarinsa a gindin bishiyar da ke bakin ofis: 'yan jiharsu nawa, 'yan addininsu nawa, mata nawa, wa aka sake maimaitawa. Idan sunayen nan biyar da aka saba gani suka dawo, ko kuwa aka share su aka zuba 'yan garin oga, to an yanke masa hukunci, kuma ba jawabin da zai gyara.

Abin yi shi ne ya sa a fito da bayanin wanda ya tafi ina cikin shekara biyun da suka wuce, a tsara layi bisa wannan, a manna a allon sanarwa. Akwai aikin da dole sai ƙwararre, kamar binciken kuɗi. To a faɗi haka a fili tun kafin tafiyar, kada a bari sai an fara gunaguni. Haka jadawalin hutun shekara: a tsara shi tun Janairu, ta yadda ba za a wayi gari a Disamba ko lokacin Babbar Sallah ana zaɓar wanda za a hana tafiya gida ba.

Alkawari kuwa, ya yi ƙarami. Ƙarin girma yana da lokacinsa, shekara 3 ga mai mataki na 07 zuwa 14, shekara 4 ga na sama da haka, sannan ga jarrabawa da gurbi, duk ba a hannunsa suke ba. Abin da ke hannunsa shi ne cike takardar auna ƙwazo a kan lokaci da bin sawun fayil har ya fita. Ya ce "zan tura ranar Laraba", ya kuma tura.

Batun makara ma yana kayar da sababbin shugabanni. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye albashin ƙananan ma'aikata, ga cunkoson hanyar Nyanya da safe. Wanda ya fara da ja wa masu makara jan layi a littafin sa hannu ƙarfe takwas, alhali shi sai goma yake shigowa a motar ofis, zai samu littafin sa hannu cike, tebura ba kowa. Ya riga su zuwa tukuna. Gargaɗi na baki, a keɓe, kafin takardar tuhuma.

In kuma babban sakatare ya kira a kan kuskuren sashe, kada ya ambaci sunan ƙaramin ma'aikaci don ya wanke kansa. Sa hannunsa ne a kan takardar. Akwai masinja a bakin ƙofa, kuma abin da aka faɗa a ciki yakan riga oga saukowa daga bene.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu,
Kubwa, Abuja