Fuskar da ƙanena yake gogewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku, kuma a sakaya sunana, domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Duk ranar da aka yi kamen 'yan daudu a garin nan na Kano, kafin la'asar hotunansu sun zagaye wayoyi. An jera su a ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai, a ƙarƙashin hoton kuma dariya ce da tsinuwa. Ni kuwa gabana ne ke faɗuwa, don ina da ƙane, ciki ɗaya muka fito, wanda tun yana firamare yara suka laƙaba masa wannan suna saboda tafiyarsa da muryarsa.

Yana zane, da fensir da gawayi. Bara na shiga ɗakinsa neman almakashina sai na ci karo da littafinsa. Daga farko har ƙarshe mutum ɗaya ne: wani saurayi zaune a dakali, an zano shi ta ƙeya, hularsa ta ɗan karkace, hannunsa riƙe da kofin shayi. Babu tsiraici, babu batsa, amma ko makaho ya shafa ya san bege ne ya riƙe fensirin. Can gefe akwai mutum na biyu a tsaye, nesa kaɗan. Ƙanena ne da kansa, na gane shi da tabon ƙunar ruwan zafi da ke wuyan hannunsa. Fuska ce kawai babu. Ya zana ya goge, ya zana ya goge, har takardar ta huje a wuri uku.

Da na yi masa magana ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Yaya, ni kam akwai abin kallo a fuskata?" Yaron da na goya a bayana ke nan fa. Daga baya na tsinci kwalbar man bilicin a ƙarƙashin katifarsa, alhali baƙinsa irin na mahaifinmu ne, mai sheƙi.

A daren ya nuna mini wasu hotuna a wayarsa. Akwai na Zanele Muholi, mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, hotunan kai, inda aka ƙara wa fatar baƙi da gangan har idanu suka fito tar kamar fitila. Akwai na Rotimi Fani-Kayode, mai ɗaukar hoto haifaffen Legas a 1955, wanda iyalinsu suka koma Ingila a 1966, ya rasu a Landan a 1989, ya bar hotunan baƙaƙen maza da aka ɗauka cikin girmamawa. Wasu daga cikin nasa ban iya kallo ba, kuma na faɗa masa hakan. Ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne, bai taɓa sanin mutum irinsa zai iya kallon kyamara ido cikin ido ba.

Ni Musulma ce, na san abin da malamai suka karantar da mu, kuma ban zo jayayya da shi ba. Na san dokar 2014 da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, na san Kano na kan shari'a tun 2000. Sai dai addinin nan shi ya koya mana suturta ɗan'uwa. Ƙanena bai taɓa furta wa saurayin nan komai ba, ƙeyarsa kawai yake zanawa. Amma duk sanda aka baza irin hotunan kamen can, kwana biyu yake yi bai leƙa ƙofar gida ba, abinci ma sai Umma ta yi da gaske.

Roƙona gare ku, idan za ku ba da irin wannan labari, ku rufe fuskoki, ku bar kalmomin izgili, ku kuma sa ido kan abin da ake rubutawa a shafinku na Facebook. Waɗancan yara suna da iyaye mata da ke zuwa biki da suna a unguwa.

Makon jiya na sayo masa sabon littafin zane a kasuwar Sabon Gari, na ce shafin farko fuskarsa nake so, yadda Allah Ya yi ta. Jiya na leƙa. Ya zana goshi da ido ɗaya, bai goge ba tukuna.

Taku,
Wata yaya daga cikin birnin Kano