Barin yaro ya yi wasa ba sakaci ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Tun da na saurari shirinku na tarbiyya ranar Lahadi raina yake a ɓace. Baƙuwar da kuka gayyato ta ce duk uwar da ɗanta ya ɓace wa ganinta ko na ɗan lokaci ne, ta yi sakaci. Mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, bai ko tambaye ta yaro ɗan shekara nawa take nufi ba. Ni uwa ce, kuma ban yarda a kira ni mai sakaci don ’yata tana wasa a waje ina cikin ɗaki ba.

Da a kan ƙananan yara ta tsaya, da ban ce uffan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ’yan shekara 1 zuwa 4 su suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa, kuma ruwan bokiti ma ya isa. Irin waɗannan dole hannunka ya kasance kusa da su. To amma ɗan shekara tara fa?

Ɗan ƙanwata shekararsa tara. Uwarsa tana sonsa kamar ranta, shi ya sa ba ta barinsa ya numfasa. Ya taka dakali, "sauko, za ka faɗi!" Ya ɗan yi gudu, "tsaya, za ka ji ciwo!" Ran nan ina zaune suna buga ƙwallo da sa’o’insa, gardama ta kaure kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Sauran yaran kowa na ɗaga murya yana kawo hujjarsa, shi kuwa bakinsa bai motsa ba, waige kawai yake yana neman fuskar uwarsa. Ta taso ta yanke hukunci, ta ba ɗanta gaskiya. Yaran suka ɗauki ƙwallonsu suka yi gaba. Yanzu ba sa zuwa kiransa, ta taga yake leƙensu. Wallahi tausayi yake ba ni, kuma irin tarbiyyar da baƙuwarku ta yaba ke nan.

Tawa ’yar ta san iyakarta. Na san inda za ta, na san da wa take, ta san lokacin dawowa, ta san ba a bin baƙo kuma ba a tsallaka babban titi. Takan shigo da ƙujewa a gwiwa tana shessheka, in wanke mata in sa magani, kafin in rufe kwalbar ta koma. Ita take sasanta rigimarta da ƙawayenta, wani lokaci ta ci, wani lokaci a ci ta. Yaushe yaro zai koyi haƙuri da gane haɗari in kullum akwai babba a kansa?

Ba ni kaɗai nake faɗa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi likitoci su riƙa rubuta wa yara wasa kamar yadda suke rubuta magani. A 2018 ɗin dai jihar Utah da ke Amurka ta yi doka cewa barin yaron da ya yi wayo ya tafi makaranta ko ya yi wasa a waje shi kaɗai ba sakaci ba ne, don a Amurka abin ya kai ana kira wa iyaye ’yan sanda.

Abin da ya fi ƙona min rai, baƙuwar ko sau ɗaya ba ta ambaci waya ba. Yaron da aka hana fita me ake miƙa masa? Waya. Yana zaune gaban uwarsa, ido na ganinsa, amma ba ta san da wa yake hira a intanet ba. Don Allah ku sake shirin, ku kawo likitan yara da uwar da ta raini yara suka girma, a raba maganar shekara-shekara.

Sannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira ya yi ƙarfi, yana danne muryar masu kira. Wani dattijo ya fara magana mai ma’ana kuka katse shi saboda talla, kuma ba ku sake nemansa ba. A gyara.

Taku mai sauraro,
Wata uwa