Na'urar rada ba ta ganin kwale-kwale

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni mutumin Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, amma na daɗe a Legas ina tuƙa wa wani attajiri jirgin ruwansa na shaƙatawa. Ranar Asabar nakan kwashe shi da baƙinsa daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe, in dawo da su da yamma. Ina roƙon fili in yi magana kan rada, na'urar nan mai kama da faranti da masu kuɗi suke ɗora wa jiragensu yanzu.

Lokacin hunturun bana muna dawowa gab da magariba, hazo ya rufe ruwa ruf. Maigida ya leƙa allon na'urar ya ce, "Ƙara wuta mana, ai fes yake." Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Ban rufe baki ba yaron da na ajiye a goshin jirgi ya kwarma ihu. Kwale-kwale ne, mutum uku suna jan taru, har ina ganin butar da ke gefen ƙafar tsohon cikinsu. A allo kuwa ko ɗigo babu.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Rada sigina take harbawa ta jira ya dawo mata. Ƙarfe yana mayarwa da kyau, shi ya sa manyan jiragen da ke shiga Apapa suke fitowa ɓaro-ɓaro tun daga nesa. Katako kuwa, ga shi kwance dab da ruwa, ɗan abin da yake mayarwa cakuɗewa yake da na igiyar ruwa. In ka murɗa maɓallin share wannan dattin, sai ka share har da masunta. Wanda ya sayar wa maigida na'urar bai gaya masa haka ba, ya dai nuna masa launuka.

Ko a 1956 da manyan jiragen ruwa biyu, Andrea Doria da Stockholm, suka yi karo cikin hazo a gaɓar Amurka, duk biyun suna da rada, mutum 51 suka mutu. Dokokin hana karo a teku na 1972 ma cewa suka yi a sa ido a kuma kasa kunne kowane lokaci, da na'ura ko babu.

Roƙona ga LASWA da NIWA, wato hukumomin kula da hanyoyin ruwa na Jihar Legas da na tarayya, duk mai rada a jirgi a gwada matuƙinsa a ga ko ya iya karanta ta. Masunta kuma a raba musu ɗan ƙarfen alminiyon nan mai kusurwoyi da ake ratayawa a kan sanda don ya mayar da sigina. Na sa wani mai walda ya ƙera mini ɗaya, na nemo tsohon nan na ba shi. Makon jiya na wuce shi, ya kafa sandar kuwa, sai dai ya shanya rigarsa a kai.

Naku,
Wani matuƙin jirgin ruwa,
Ikoyi, Legas